Sayen Ginin Ƙarfe a Ƙasar Dusar Ƙanƙara

(Kiɗan taken shiri)



Yau za mu leƙa ƙasashen sanyi, wato Kanada da arewacin Amurka, inda 'yan'uwanmu da dama suka je karatu ko neman abinci, har zama ya kama su da iyali. Wanda ya daɗe a Toronto ko Winnipeg ko Calgary ko Minneapolis, wata rana sai ya buƙaci wuri nasa na kansa. Wani garejin gyaran mota yake so, wani siton ajiye kayan abincin da yake shigowa da su daga gida, wasu kuma jama'a ce ta yi karo-karo don ta samu masallaci da ajin karatun yara. Da yake gini a can yana cin kuɗi da lokaci, ido yakan koma kan ginin ƙarfe, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta, a kawo shi a tirela guntu-guntu, a ɗaure shi da noti a filinka.

Ginin ƙarfe abu ne mai kyau, kuma yana ƙarko. Sai dai akwai magana ɗaya da nake so ku riƙe daga farkon shirin nan har ƙarshensa: kowane ginin ƙarfe, don wani gari aka lissafa shi. Wanda aka ƙera don Texas, in ka kafa shi a Manitoba, ka rataya wa kanka da jama'arka hatsari a bisa kai. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, tambayi lissafi.

Bari mu fara da sanin kayan da ake sayarwa. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko mai lanƙwasasshen rufi ne, bango da rufi duk abu ɗaya. Asalinsa daga soja ne. A shekarar 1916, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Peter Nissen ya ƙirƙiro shi don kwanan dakaru. A 1941 sojojin ruwan Amurka suka gyara fasalinsa a wani sansani da ake kira Quonset Point a jihar Rhode Island, kuma har gobe da sunan wurin ake kiran irin wannan gini. Na biyu shi ne mai ginshiƙai, wanda ake jera manyan ƙarafa tsaye, a haɗa su da na sama, a shimfiɗa ƙananan ƙarafa a kwance, sannan a ɗaure kwano a kai. Shi ne wanda aka fi yin sito da masana'anta da zauren taro da shi, domin ciki fili ne fetal, babu ginshiƙi a tsakiya.

Duka biyun suna iya zama a ƙasar sanyi, muddin an lissafa su da abubuwa huɗu: nauyin da ke sauka daga sama, daskarewar ƙasa daga ƙasa, gumi daga ciki, da kuma halin ƙarfen kansa.

(Kiɗa)

To, mu fara da sama.

Mu da muka tashi a ƙasar rana, idonmu ruwan sama ya sani. Ya zubo, ya bi indararo, ya tafi abinsa. Dusar ƙanƙara kuwa in ta sauka zama take yi, wata ta zo ta hau kan wata, tun daga Nuwamba har Maris ko Afrilu. Sabuwar dusa ba ta da nauyi sosai. Mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yakan kai kilo 50 zuwa 100. In ta kwana biyu ta danne kanta, sai ta kai kilo 200 zuwa 300. In rana ta ɗan narkar da ita, ko ruwan sama ya sauka a kanta ta shanye, sai ta haura kilo 400. In ta koma ƙanƙara zalla, ta wuce kilo 900.

Mai sauraro, ɗauki biro mu yi lissafi tare. A ce gininka mita 12 ne faɗi, mita 24 tsawo. Rufinsa ya kama murabba'in mita 288 ke nan. A ce dusar da ta danne ta kai rabin mita a kansa, mai nauyin kilo 300. Kowane murabba'in mita yana ɗauke da kilo 150. In ka haɗa duka, tan 43 ne da ɗoriya. Wato kamar a ce an hau rufin nan an jera buhun shinkafa mai kilo 50 har guda 864, aka sauko aka bar su wata da watanni. Kuma rabin mita ba wani abin mamaki ba ne a can. A watan Nuwamban 2014, wasu garuruwa da ke kudu da birnin Buffalo a jihar New York sun samu dusar da ta haura mita 2 cikin 'yan kwanaki, rufin gine-gine da yawa ya rufta.

Wannan magana ta taɓa cin rayuka. Ranar 28 ga Janairun 2006, a wajen birnin Katowice na ƙasar Poland, ana tsakiyar baje kolin tattabaru a wani babban zaure na ƙarfe, rufi ya faɗo kan jama'a. Mutum 65 suka rasu. Bincike ya nuna an yi kuskure a zanen ginin, kuma an bar dusa da ƙanƙara sun taru a kansa ba a kwashe ba. Kafin nan, ranar 18 ga Janairun 1978, rufin ƙarfe na babban zauren wasanni na birnin Hartford a Amurka ya rufta da asuba, sa'o'i kaɗan bayan mutum kusan 5,000 sun watse daga kallon ƙwallon kwando. Allah ya tsare, babu kowa a ciki. Nan ma kuskuren lissafi ne ya haɗu da nauyin dusa.

Saboda irin wannan ne kowane gari yake da adadinsa a rubuce. A Kanada, kundin dokokin gini na ƙasa yana ɗauke da jerin garuruwa, kowanne da nauyin dusarsa, da na ruwan da kan sauka a kanta, da ƙarfin iskarsa, kuma larduna suna kafa dokarsu a kansa. A Amurka ana bin ƙa'idar injiniyoyi da ake kira ASCE 7. Adadin nan an ɗauko shi ne daga mafi munin dusar da ake sa ran gani cikin shekaru 50 ko fiye, don haka kada sauƙin hunturun bara ya ruɗe ka. A Kanada za ka ga an rubuta shi da ma'aunin kilofaskal; kilofaskal ɗaya kusan kilo 100 ne a kan kowane murabba'in mita. Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka kira kowane kamfani, ka je ofishin ba da izinin gini na garinku, ka ce a rubuta maka adadin dusa da na iska da zurfin daskarewar ƙasa na unguwar da filinka yake. Matambayi ba ya ɓata.

Amma adadin gari shi kaɗai bai isa ba, domin dusa ba ta kwanciya daidai wa daida. Iska takan kwashe ta daga gefe ɗaya na rufi ta jibge a ɗaya gefen, sai ginin ya ɗauki kaya a kafaɗa guda. In ka jingina ƙaramin gini a jikin babba, kamar rumfar alwala a gefen masallaci, dusar babban rufi a kan ƙaramin za ta riƙa sauka, ta taru a kusurwa ninki biyu ko uku. Don haka ka faɗa wa injiniya komai: gini ko dogayen itatuwan da ke kusa, rumfar da kake da niyyar ƙarawa baɗi, da duk abin da za ka rataya a rufi, kamar fitilu da fanka da bututun kashe gobara da faifan sola.

Ka kuma faɗa masa ko za a riƙa ɗumama ginin ko a'a. Ginin da ake ɗumamawa, zafin da ke tsere masa yana narkar da wani abu daga cikin dusar. Wanda ba a ɗumamawa, tana nan daram, shi ya sa ƙa'idar Amurka take ƙara masa nauyi a lissafi.

Sai gangaren rufi. In ya yi gangare sosai, kwano yana da santsi, dusa za ta zame. Wannan sauƙi ne ga rufi, amma hatsari ne ga wanda ke ƙasa, domin lokaci ɗaya take subucewa ta faɗo, ta isa ta lotsa mota, balle yaro. Saboda haka a sa manyan ƙofofi ta goshin gini, inda rufi ba ya zubarwa. In dole sai an yi ƙofa ko hanya ta gefen da yake zubarwa, akwai ƙarafan tare dusa da ake ɗaurawa a rufi. Su ma a sanar da injiniya tun farko, tunda aikinsu riƙe nauyi ne a sama.

(Kiɗa)

Jama'a, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan sayen ginin ƙarfe a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka. Mun gama da sama, bari mu sauko ƙasa.

Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. A ƙasar da ke riƙe ruwa, musamman mai laka, sanyi yana ratsawa ciki ya yi faifan ƙanƙara a ƙarƙashi, faifan ya riƙa jawo ruwa daga ƙasa yana kauri, yana ɗaga duk abin da ke kansa. Bazara ta zo ya narke, ƙasa ta lotsa. Ginshiƙin da ya tashi ya sauka shekara uku ko huɗu, za ka ga daɓe ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, noti ya saki. Maganinsa a haƙa harsashi ya wuce inda sanyi ke kaiwa. A yankin Toronto mita 1.2 ake nema. A jihar Minnesota, doka ta ce inci 42 a kudanci, inci 60 a arewaci, wato mita ɗaya da rabi. A Winnipeg sanyi yakan wuce mita 2, shi ya sa ake yawan kafa gini a kan dogayen turakun kankare da aka zura can ƙasa. Akwai kuma dabarar shimfiɗa allon soso mai tauri kewaye da harsashi don a rage zurfin haƙa, amma wannan aikin injiniya ne.

Ga wani abu da masu saye da yawa ba su sani ba. Kamfanin da ya ƙera maka ƙarfe, galibi ba shi ke zana maka harsashi ba. Zai ba ka takarda mai nuna irin nauyin da kowane ginshiƙi zai sauke, sai ka kai wa injiniyan garinku ya zana. Kuma ginin ginshiƙai in dusa ta danne shi, ƙafafunsa waje suke son buɗewa, don haka dole a ɗaure su da rodi a cikin daɓe. Manyan kusoshin da ake dasawa a cikin kankare tun yana ɗanye, waɗanda ginshiƙi zai zauna a kansu, ka tsaya da kanka ranar da za a dasa su, da zane a hannu da tef na awo. In ɗaya ya kauce da faɗin yatsa biyu, ramin ƙafar ginshiƙi ba zai shiga ba, ga injin ɗaga kaya an ɗauko haya yana jira, kuɗi na tafiya. Kuma a yi ƙoƙari a zuba kankare kafin sanyi ya kankama, domin in ya daskare yana ɗanye ƙarfinsa ya tafi.

Na uku, gumi. Ka ɗauka daren Ramadan ne a watan Fabrairu, waje sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri, ciki mutum ɗari biyu suna tarawihi. Numfashinsu, da ruwan alwala, da tururin abincin buɗa-baki, duk suna tashi sama. Da zarar ɗumin nan ya taɓa kwano mai sanyi sai ya koma raɓa, ta daskare a cikin rufi. Ranar da gari ya ɗan sassauta, sai a ga ruwa na ɗiga kan darduma, a yi ta neman inda rufi ke yoyo, alhali daga ciki ruwan ya fito. Ƙarfe yana ratsa zafi fiye da katako sau ɗari uku zuwa ɗari huɗu, don haka duk inda ƙarfen ciki ya taɓa kwanon waje, nan ne ƙofar da ɗumi ke fita.

Abubuwa uku ke maganinsa. A sa abin tare sanyi mai kauri, ko audugar gilashi, ko kumfar da ake fesawa, ko kuma kwano mai ruɓi biyu da soso a tsakiya, tare da ɗan tsakani tsakanin ƙarfe da kwano. A shimfiɗa ledar tare tururi ta ɓangaren ciki, wato ɓangaren ɗumi, a liƙe duk mahaɗinta ba tare da huji ba. Sannan a yi hanyar fitar da iska mai laima. Wanda ya tsuke hannu a nan, zai biya a kuɗin gas kowane wata, ya kuma biya a tsatsa.

Na huɗu, ƙarfen kansa. Wani ƙarfen in sanyi ya tsananta yakan daina lanƙwasa, sai dai ya tsage farat ɗaya. An ga haka a jiragen ruwan da Amurka ta ƙera lokacin yaƙin duniya na biyu. Ɗaya daga ciki, mai suna Schenectady, ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland a Janairun 1943. Wata masaniya a jami'ar Cambridge, Constance Tipper, tana cikin waɗanda suka gano cewa sanyi ne ke sauya halin ƙarfen. Yau akwai ƙarfen da aka gwada juriyarsa ga sanyi, don haka mai gini a can arewa ya tambayi injiniya ko wurinsa na buƙatarsa. Game da kwano, ka sani ƙaramar lamba ita ce mai kauri: lamba 24 ta fi 26. Rufin da ake naɗe bakinsa a ɓoye kusa ya fi wanda ake hudawa da dubban kusoshi, domin robar kan kusa tana tsufa, ruwan narkewa ya bi ta nan. In gareji ne, a ɗaga gindin bango a kan kankare, saboda gishirin da ake watsa wa tituna yana biyo tayoyin mota, kuma yana cin ƙarfe.

(Kiɗa)

To, sai ciniki, inda aka fi zamewa.

Akwai wani salon talla da ya daɗe a wannan kasuwa. Za a ce maka wani ne ya yi odar gini ya fasa, ga shi a rabin kuɗi, amma sai ka ba da kafin alƙalami yau, gobe wani zai ɗauke. 'Yan'uwa, duk wanda ya hana ka kwana ka yi shawara, ka bar masa kayansa. Ko da maganar gaskiya ce, ginin nan don garin wani aka lissafa shi. Araha ba ta ado.

Ka tambayi mai sayarwa: kai ne mai ƙerawa, ko dillali ne? Dillanci halal ne, amma ka san sunan masana'antar. A Kanada ka nemi shaidar CSA A660, a Amurka kuma AC472. Su ke nuna ana binciken aikin masana'antar. Ka nemi zane mai hatimin injiniyan da ke da lasisin aiki a lardinku ko jiharku, da adadin dusa da iska a rubuce ɓaro-ɓaro a cikin yarjejeniya, daidai da wanda ofishin garinku ya ba ka. Kada ka sa hannu a fara yanka ƙarfe kafin ka tabbatar za a ba ka izinin gini, domin in an yanka, kuɗi ba sa dawowa.

Ka kuma tambaya: me ke cikin farashin nan, me ba ya ciki? Sau da yawa kuɗin da ke kan talla na ƙarfe ne da kwano kawai. Harsashi, daɓe, ƙofofi, tagogi, abin tare sanyi, dako, masu ɗaurawa, wuta, ruwa, na'urar ɗumama ɗaki, haraji da inshora, duk suna gaba. Ka karɓi farashi daga wuri uku a kan bayani iri ɗaya. In ɗaya ya faɗi ƙasa warwas, duba nauyin ƙarfensa, za ka ga inda aka rage.

Ga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyi, ina da roƙo na musamman. Ginin gona, wanda ake ajiye tarakta da ciyawa, dokarsa tana da sassauci a wurare da yawa, domin mutane ba sa taruwa a ciki, kuma shi ya sa yake da araha. Wurin taron jama'a dokarsa daban: ƙofofin fita, kariya daga gobara, da ƙarfin rufi. Kada a sayi na farko a mai da shi na biyu. Kuɗin jama'a amana ne, rayukansu kuwa sun fi kuɗin nauyi. Ku faɗi gaskiyar abin da za ku yi da ginin tun ranar farko, ku kuma tabbatar unguwar an yarda a yi irin wannan gini a cikinta.

Ranar ɗaurawa, a ɗauki waɗanda suka saba da aikin. Gini ya fi rauni lokacin da yake rabi da rabi, kafin a ɗaure igiyoyin ƙarfen da ke giciye a bango da rufi. Kuma bayan an gama, kada wani ya zo ya cire ɗaya daga cikinsu don yana son buɗe taga.

In an tare, aiki bai ƙare ba. Kafin hunturu a share indararo, a duba kusoshi. Bayan kowace babbar dusa a ɗaga kai a duba. In ƙofar da ke buɗuwa lafiya ta fara cijewa, in aka ga ƙarfen rufi ya yi ciki, ko aka ji ƙara ƙas-ƙas daga sama, a fitar da kowa nan take, a kira injiniya ko 'yan kwana-kwana. Kwashe dusa kuma a bar wa masu sana'ar, masu igiyar ɗaure jiki, domin faɗowa daga rufi na kashe mutane duk shekara. Su sun san ana ragewa ne kaɗan-kaɗan daga kowane gefe, ba a share ɓangare ɗaya tas a bar ɗaya da kaya, kuma ana barin 'yar shimfiɗa don kada shebur ya huda kwano.

Jama'a, lokaci ya yi halinsa. Wanda ke da niyyar wannan saye, ga aikin makon nan: ka je ofishin izinin gini ka karɓo adadi uku, na dusa da na iska da na zurfin daskarewa, ka nemi injiniya mai lasisi a garinku, sannan ka fara kiran kamfanoni. Ku kuma da ke saurarenmu daga gida, in kuna da ɗa ko ƙane a can da ke shirin gini, ku isar masa da wannan saƙo, ku ce ya yi haƙuri ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa albarka a dukiyarku, ya tsare ku da iyalanku a duk inda kuke.

  

(Kiɗan rufe shiri)